Kiɗan da Babu Waƙa a Gilasgo

A gabashin birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, daura da kasuwar Barras, akwai tsohon zauren rawa mai suna Barrowland. An buɗe shi a 1934, gobara ta cinye shi a 1958, aka sake gina shi a 1960. Daɓen katakonsa yana lotsawa idan jama'a suka yi tsalle, rufinsa kuma an ƙawata shi da taurari. A nan na ga mutum kusan 1,900 a tsaye, sun yi tsit, suna sauraron kiɗan da babu baiti ko ɗaya a cikinsa.

Makaɗan 'yan gari ne, Mogwai, ƙungiyar da Stuart Braithwaite da abokansa suka kafa a 1995. Kiɗan da kowa ke jira shi ne "Mogwai Fear Satan", wanda ya rufe faifansu na farko, Young Team, na 1997. Tsawonsa minti 16 ne.

Jita ce ta fara, tana ta maimaita abu guda, ganguna suka bi ta a guje. Can sai kiɗan ya yi ta ja da baya, ya yi ƙasa, har na ji ƙarar kofin roba da wani ya taka a bayana. Wani dattijo da ke gefena ya taɓa ni, ya miƙo mini soson toshe kunne, ya yi mini nuni in yi maza. Ban gama cusa shi ba jitocin suka fashe gaba ɗaya. Ƙirjina ya ɗauki rawa, ƙafar wandona tana karkaɗawa, katakon yana zillo a ƙarƙashin takalmina. Na waiga. Wata mata ta rufe ido, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Wani saurayi kuwa dariya yake yi, hannuwansa a sama.

A layin sayen soyayyen kifi da dankali aka ɓarke da musu bayan an tashi. Matar nan ta ce ita mahaifinta take gani, wanda ya ƙare rayuwarsa a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta bakin kogin Clyde. Shirun tsakiyar kiɗan nan, in ji ta, ɗakin asibiti ne. Saurayin ya ce sam, wannan murnar ƙuruciya ce zalla, ai makaɗan ba su wuce shekara 20 da ɗoriya ba da suka tsara shi. Wani ya kafe a kan cewa kokawa ce da tsoron Shaiɗan. Dattijon ya ce da ni, "Ɗana, kai me ka ji?"

Na ce hadari na ji yana haɗuwa. Ya gyaɗa kai, ya karɓa kamar yadda ya karɓi na sauran.

Wannan ya fi ƙarar ba ni mamaki. A wajenmu idan kalangu ya kaɗa take, magana ce sananniya, mai ita ya san da shi ake, wanda bai gane ba kuma baƙo ne. Can kuwa makaɗan sun gina ɗaki sun bar shi fayau, kowa ya shigo da nasa kayan. Na yarda da hawayen matar nan, na yarda da dariyar saurayin, domin duka biyun na ga wurin da kiɗan ya tayar da su, kuma daƙiƙa ɗaya ce.

Ina ganin shi ya sa aka ba Mogwai aikin kiɗan fim ɗin ɗan ƙwallon ƙafa Zidane na 2006, inda kyamara 17 suka bi shi shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal. Mutum ne da fuskarsa ba ta faɗin abin da ke ransa, ana buƙatar kiɗan da ba zai yi masa shisshigi ba. Dab da tashi alƙalin wasa ya ba shi jan kati, ya fice daga fili.