Amanar Tsofaffi a Arewacin Ingila

A watan Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga baƙi masu son aikin kula da tsofaffi da naƙasassu, domin a lokacin guraben da suka rasa ma'aikata a Ingila kaɗai sun kai wajen 165,000. Sai 'yan Indiya da 'yan Najeriya da 'yan Zimbabuwe suka yi ta kwarara. Ƙanwata na cikinsu. Ta ajiye aikinta a Kano, ta nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda kamar yadda dokar bizar ta tanada, ta tare a Bradford. Zumunci ne ya kai ni wurinta a ƙarshen kaka, lokacin da ganye ya gama zubewa, rana kuma tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu.

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Leeds, a kan hanyata ta zuwa Bradford, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgin ƙasa. Har Doncaster ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki ne da tumaki da ruwan sama mai yayyafi. A Wakefield jirgin ya tsaya, na leƙa ta taga sai ga doguwar katanga dab da tashar. Gidan yarin garin ne, inda ake tsare manyan masu laifi. A cikinsa likitan nan Harold Shipman ya rataye kansa a watan Janairun 2004. Jirgin ya ja, na bar katangar a baya, ban san cewa sawun mutumin nan zan yi ta takawa har ƙarshen tafiyata ba.

Bradford tsohon garin masaƙu ne. Manyan gine-ginen dutse da hayaƙin masana'antu ya dafe suna nan tsaye, a gindinsu kuwa masallatai da mahautan halal da shagunan 'yan Pakistan. Ƙanwata ta tare ni a tasha cikin rigar sanyi har ƙwauri.

"Yaya, sannu da hanya. Ya jikin Hajiya? Kun sami mai zama da ita kuwa?"

Na ce mun sami wata yarinya daga ƙauye. Ta tambaye ni wa ya kawo ta. Na ce wata maƙwabciya ce. Ba ta ce komai ba, ta karɓi jakata.

Gidan tsofaffin da take aiki yana bayan gari, a kan tudu. Ranar da na je ranar shan shayi ce da iyalai. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an danna lamba, kuma kowane baƙo sai ya rubuta sunansa da lokacin shigarsa. A falo akwai tsofaffi cikin kujeru masu taushi, wasu a keken guragu, yawancinsu sun ba tamanin baya. Wata mai shekara casa'in ta riƙe hannuna tana tambaya ko na ga mahaifiyarta a hanya. Gigin tsufa ne, kuma masu irinsa sun fi yawa a gidan. A nan na gane nauyin aikin. Ma'aikaci shi ke yi wa tsoho wanka da tsarki, ya canza masa kunzugu, ya ba shi abinci da cokali, ya juya shi cikin dare kada kwanciya ta ci masa baya. Ya san inda zoben tsohuwa yake da inda jakar kuɗinta take. Idan ya zalunce ta, da safe ta manta, ko ta faɗa a ce ruɗewa ce.

A wani lungu na ga wani ƙato mai furfura, damatsansa cike da zane, yana yi wa wani dattijo aski. Yana yi yana jan sa da hirar ƙwallo, dattijon yana dariya baki ba haƙora. Da aka tafi hutun rabin awa muka haɗu da shi a ɗakin ma'aikata, kuma shi da bakinsa ya ba ni labarin, don ba ya ɓoyewa. Yana saurayi ya yi faɗa cikin maye a ƙofar mashaya, ya ji wa wani rauni, alƙali ya ɗaure shi. Shekaru masu yawa sun wuce, ya yi aure, ya yi jinyar mahaifinsa har ya rasu, a nan ya koyi aikin. Ya ce duk inda ya nemi aiki, kafin a ga fuskarsa an riga an ga wancan daren a takarda.

Na dubi ƙanwata da Hausa na ce, "Yanzu wannan aka bar wa tsofaffi?"

Ta ce, "Yaya, ni ma haka na ce da farko. Amma je ka ji daga bakin manajarmu."

Manajar mace ce mai yawan aiki, ta ba ni 'yan mintoci a ofishinta, ta zayyana mini tsarin. Akwai dokar 1974 wadda ta ce laifi, idan bai kai wani girma ba kuma an ɗauki shekaru, ya zama tsohon zance, mai neman aiki ba dole ya ambata shi ba. Amma tun 1975 aka ware wasu ayyuka daga wannan rangwame, ciki har da jinya da kula da masu rauni. Yau hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, ita ke tace duk mai son shiga irin wannan aiki. Tana riƙe da jerin sunaye biyu na waɗanda aka haramta wa kusantar aikin, ɗaya na yara, ɗaya na manya masu rauni. Wanda ya yi kisa ko fyaɗe ko makamantansu sunansa yana shiga, kuma idan ya nemi aikin, ko wani ya ɗauke shi da saninsa, ɗauri ne da zai iya kai shekara biyar. Gidan da ya kori ma'aikaci saboda ya cutar da tsoho, dole ne ya kai sunansa ga hukumar. Ƙaramin laifin da ba a yi ɗauri a kansa ba yakan daina fitowa bayan shekara 11. Wanda aka ɗaure kuwa, laifinsa yana nan a takarda muddin ransa.

Tsakanin wanda aka haramta da wanda takardarsa take fes, akwai jama'a masu ɗimbin yawa, kuma a kansu doka ta bar wa manaja hukunci. Ta ce tana duba wane irin laifi ne, yaushe aka yi, sau nawa, yana da shekara nawa, kuma ko shi ya fara faɗa kafin takarda ta tona. Mai askin nan ta ɗauke shi, amma ya daɗe ba ya shiga ɗakin kowa shi kaɗai. Wata kuwa da ta taɓa cinye kuɗin kakarta ta katin banki, ko da ba a ɗaure ta ba, manajar ta ce ba ta ko kira ta ganawa ba.

A bakin ƙofa na haɗu da wata mata da ta zo ganin mahaifiyarta. Ita ra'ayinta daban. Ta ce ba ta ƙin a ba tsohon fursuna aiki, amma ga gini, ga tuƙi, ga ɗakin girki, me ya sa sai jikin uwarta? Ta ce shi ya zaɓi ya nemi aikin, manaja ta zaɓi ta ɗauke shi, tsohuwar da za a tuɓe a gabansa ce kaɗai ba a tambaya ba. Ban sami abin ce mata ba, domin maganarta gaskiya ce. Tuban mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma idan aka yi kuskure wajen auna tuban, ba mai aunawar ke biya ba.

Ranar hutun ƙanwata muka hau jirgin da ke bi ta kwarin Calder zuwa Manchesta. Hanya ce mai kyau: tsaunuka kore shar, koguna, gidajen dutse manne da gangare, jirgin yana shiga rami yana fita. Muka wuce Halifax, muka wuce Hebden Bridge, muka tsaya a Todmorden. A wannan ɗan garin Shipman ya yi aikin likita a tsakiyar shekarun 1970, bayan ya gama karatu a Leeds. Abokan aikinsa suka gano yana rubuta takardun magani na jabu don ya sami fetidin, allurar kashe zafi da ya kamu da jarabarta. A 1976 kotun Halifax ta ci shi tarar fam 600. Hukumar likitoci ta san da hukuncin, ba ta karɓe lasisinsa ba. A 1977 ya koma Hyde, gabas da Manchesta, daga baya ya buɗe asibitinsa shi kaɗai, babu abokin aiki balle mai duba bayansa.

A Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe majinyata 15 da allurar dayamofin. Binciken da Janet Smith ta jagoranta ya gano waɗanda ya kashe sun haura 200, galibinsu tsofaffin mata da suka amince da shi har cikin ɗakunansu. Abin da ya tona masa asiri a 1998 wasiyyar jabu ce da ya ƙirƙira da sunan Kathleen Grundy, mai shekara 81, wadda 'yarta lauya ce, ta ga takardar ta ce wannan ba ta uwarta ba ce. Laifin da aka fara kama shi da shi jabu ne da magani mai bugarwa. Da magani irin wannan ya yi kisa, kuma jabu ce ta kama shi. Ƙanwata ta girgiza kai ta ce, "Ai ba a ba kura ajiyar nama."

Sai dai tsarin tacewar nan da ake taƙama da shi, wani bala'i ne ya ƙarfafa shi wanda darasinsa ya saɓa da wannan. A 2002, a garin Soham, Ian Huntley, mai kula da ginin wata makaranta, ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara goma. An sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda kan lalata, amma ba a taɓa yanke masa hukunci a kan ko ɗaya ba. Rahoton binciken Bichard na 2004 ya bankaɗo yadda bayanan suka salwanta tsakanin rundunonin 'yan sanda, daga nan aka yi dokar kare masu rauni ta 2006. Ke nan an bar Shipman duk da an san laifinsa, an ɗauki Huntley don kotu ba ta san nasa ba. Takarda tana faɗin wanda aka kama ne kawai.

A Manchesta muka tsaya wani ɗan shagon Timpson don ƙanwata ta yanko makullin ɗakinta. Kamfanin, wanda hedkwatarsa ke Wythenshawe a kudancin birnin, ya yi suna wajen ɗaukar waɗanda suka fito daga gidan yari, har sun kai wajen kashi goma cikin ɗari na ma'aikatansa. Mutane suna miƙa musu makullan gidajensu kullum. A Yulin 2024 aka naɗa shugabansa, James Timpson, ministan gidajen yari. Hujjar masu irin wannan ra'ayi ita ce wanda ya fito ya sami aiki ya fi wuyar komawa, kuma Ma'aikatar Shari'a ta ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekarun aiki a ƙasar yana da wani tabo a kundin 'yan sanda. Tun Yulin 2025 kuma an rufe ƙofar ɗauko sababbin masu kula da tsofaffi daga waje. Tsofaffi suna ƙaruwa, hannu yana raguwa, don haka manajoji za su ƙara cin karo da irin takardar mai askin nan. Amma mai yankan makulli yana aiki a fili gaban mai lafiyar da zai iya ƙara. Mai wankan tsohuwa yana bayan ƙofa.

Da yamma muka ƙarasa Hyde. Gari ne kamar kowane, da kasuwarsa da motocin bas da tsofaffi masu jan jakar cefane. A wani wurin shaƙatawa an yi lambun tunawa da waɗanda Shipman ya kashe. Muka ɗan zaga titin kasuwar inda asibitinsa yake a da, sanyi ya kore mu zuwa tasha.

A jirgin komawa na gaya wa ƙanwata inda na tsaya. Wanda ya taɓa cin zarafin mai rauni, ko ya ci amanar dukiyar wanda ya dogara da shi, ko ya yi wasa da magani, kada ya kusanci ɗakin tsoho ko da tubansa na gaskiya ne. Ƙofofin neman halal suna da yawa. Wanda laifinsa ba shi da dangantaka da aikin, ya daɗe, kuma ya faɗa da bakinsa, a gwada shi a gaban ido, iyalan tsofaffin kuma su san ƙa'idar da gidan ke bi wajen ɗauka. Sannan sa ido ya hau kan kowa, mai tabo da marar tabo: mutum biyu a kan magani, rubuta kowane kwabo, ƙofa a buɗe ga 'yan uwa, da kunnen da zai saurari tsohuwa ko da maganarta ba ta haɗu ba.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, duk na yarda. To mu fa? A nan sai da 'yan sandan ƙasa biyu suka shaide ni kafin a bar ni in taɓa uwar wani. Mu kuwa mun bar tamu uwar da wadda ko garinsu ba mu sani ba. Idan ka koma, ka je ka ga iyayen yarinyar nan, ka biya ta haƙƙinta yadda ya kamata, kuma ku raba kwana a tsakaninku. Maganin Hajiya kuwa kada kowa ya ba ta sai ɗayanku."

Na ce to, in Allah ya yarda. Kafin mu isa Halifax ta sa na kira babbar yayarmu a waya, muka tsara wanda zai riƙa kwana da Hajiya daga ranar Juma'a.