Fuskar Tsohuwa Mai Gyaɗa

Dungu a dā ƙauyen Dagomba ne kusa da Tamale, amma yanzu gari ya cim masa. A nan ne jami'ar da ake kira UDS take da babban ofishinta da ɗaya daga cikin harabobinta. An kafa jami'ar a 1992, ta ɗauki ɗalibanta na fari a 1993 a Nyankpala, inda aka soma da koyar da aikin gona. Da makarantar ta bunƙasa sai ɗalibai suka cika Dungu, suna haya a gidajen mutanen gari, suna sayen koko da ƙosai da gyaɗa a hannun matan unguwa.

Cikin waɗannan ɗalibai akwai wani saurayi mutumin Bawku, ɗan wani mai bishara. Tun yana ƙarami shi ne yake fitowa a Hirudus cikin wasan Kirsimeti na ikilisiyarsu, gama yana da murya, ya kuwa iya zare ido. Sa'ad da ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu bi a Dungu, sai ya kawo shawara a bar wasan dandali a wannan shekara, a yi fim. Ya ce ya gaji da wasan da jama'a suke sanin ƙarshensa tun daga farko. Yana so a yi irin fim ɗin nan mai sa zuciya ɗar-ɗar, wanda mutum ba ya iya tashi sai ya ga yadda aka ƙare. Dattawan ikilisiya suka ce ba su ƙi ba, amma ba za su taɓa asusu ba sai sun gani da ido. Aka shirya a kan su ɗauki minti 3 na farko kaɗai, su kawo a duba.

Su biyar suka ɗauki nauyin aikin: shi mai ba da umarni, da mai ɗaukar hoto, da mai kula da sauti, da yarinyar da za ta fito a fim ɗin, da wata 'yar'uwa mai koyon aikin jinya wadda aka ba ta riƙon kuɗi da rubuta lissafi. Labarin kuwa na wata ɗaliba ne da ta ɓace. Ga yadda suka tsara buɗewar: magariba ta yi, yarinyar tana komowa daga karatu ita kaɗai, ta ji takun sawu a bayanta, ta waiwaya ba kowa, ta ƙara sauri. A kwanar hanya, a gindin darbejiya, sai ga wata tsohuwa zaune tana dubanta. Sai ihu, sai duhu, sai sunan fim.

Saurayin ya sami littafin rubutu, ya ja akwatuna 24, ya zana kowane hoto a cikin nasa akwatin: nan ƙafafu kaɗai, nan fuska kusa, nan hanya daga nesa. Da suka fita fili suka tarar aikin ya fi zanen wuya. Hasken da suke so, wato na bayan faɗuwar rana, ba ya daɗewa a ƙasar nan, kafin a gyara tsayuwa sau biyu duhu ya rufe. Saboda haka abin da aka zana na yamma guda ya cinye musu yamma biyar, kowace rana kuwa dole yarinyar ta sa riga ɗaya, ta rataya jaka a kafaɗa ɗaya. Suka koyi cewa in an ɗauke ta tana tafiya daga hagu zuwa dama, wajibi ne kyamara ta tsaya a gefe guda na hanya, in ta ƙetare sai mai kallo ya ga kamar yarinyar ta juya ta koma inda ta fito. Tamale garin babura ne, ƙararsu ta ɓata kowane sauti, don haka mai sauti ya tashi da asuba ya ɗauki takun sawunsa a kan tsakuwa, aka ɗora daga baya. Kyamararsu wayar hannu ce, fitilarsu ta babur, tiren ƙarfe kuwa shi yake mayar da haske a fuska. Ƙurar hunturu ce kaɗai ta taimake su kyauta, gama cikin hasken fitila tana tashi kamar hayaƙi.

Saura tsohuwa. Ba su wahala wajen nema ba, domin a gindin wannan darbejiya akwai wata gwauruwa da take sayar da soyayyiyar gyaɗa kowace yamma. Tana jin Hausar kasuwa. Saurayin ya gaishe ta, ya ce, "Mma, hotonki muke so, ki zauna yadda kike, ki dubi nan kawai." Ta yi dariya, ta ce me za a yi da hoton tsohuwa. Suka ba ta 'yan sidi, ta yi godiya. Aka kawar da tiren gyaɗarta, aka haska ta daga ƙasa, aka ɗauka. Ba wanda ya gaya mata labarin.

Akwai wani abu da masu fim suka sani tun shekaru ɗari da suka wuce. Wajen 1920 wani mutumin Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna kome, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton gawa cikin akwati, ya kuma haɗa ta da hoton wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a ta fari, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce. Abin da aka ajiye kusa da fuska shi yake ba ta ma'ana. Haka ya faru a Dungu. Sa'ad da aka tace hotunan a kwamfuta, aka sa fuskar mai gyaɗa tsakanin takun sawu da ihu, sai matar da take jiran ciniki ta zama mayya. Mai ɗaukar hoto ya yi tsalle don murna, ya ce tsigar jikinsa ta tashi.

'Yar'uwar nan mai koyon jinya ce kaɗai ba ta yi murna ba. Jami'ar tana da al'ada ta aika da ɗalibai su zauna a ƙauyuka na makonni a zango na uku na shekara, ita kuwa ƙauyen da aka kai ta yana wajen Gambaga. A Gambaga akwai unguwar da matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita suke fakewa ƙarƙashin sarkin garin, akwai irinta kuma a Kukuo da Gnani da Kpatinga. Yawancinsu tsofaffi ne da gwauraye. Tun 1994 Ikilisiyar Presbyterian ta Ghana ta soma aiki a Gambaga domin ta sulhunta waɗannan mata da danginsu, su koma gida. Yarinyar ta gan su da idonta. Ta kuma tuna wa 'yan'uwanta abin da ya faru a Kafaba, kusa da Salaga ta ƙasar Gwanja, a watan Yuli na 2020, inda aka doki Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, har ta mutu, jama'a suna tsaye, wani yana ɗauka da waya. A 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce saboda wannan kisa. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar hana zargin mutum da maita, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Saurayin ya ji haushi. Ya ce ai fim ne, kowa ma haka yake yi. A wannan bai yi ƙarya ba, gama Zinabu, fim ɗin da William Akuffo ya ɗauka da kyamarar bidiyo a Accra a 1987, wanda ya buɗe wa finafinan bidiyo hanya a Ghana, labarin mace mayya ne. Ya ƙara da cewa a ƙarshen labarinsu za a gane tsohuwar ba ta da laifi.

Ta ce, "Ɗan'uwa, ina ƙarshen yake? Ba mu da kuɗinsa tukuna. Minti 3 ɗin nan ne muke da su, su ne za su yi yawo. Mu baƙi ne, za mu gama mu tafi. Ita a nan za ta kwana."

Bai amsa ba, bai kuwa yarda ba. Bayan kwana uku yana wucewa ta gindin darbejiya, sai ya ga wata mata ta fizge hannun ɗanta daga gaban tiren gyaɗar. Can gefe waɗansu yara suna zare ido, suna kwaikwayon ihun fim ɗin, suna gudu. Ashe mai ɗaukar hoto ya aika wa abokansa biyu su gani, su kuma suka aika wa nasu. Tsohuwar tana zaune tana kora ƙuda, gyaɗarta ba ta ragu ba.

A daren nan ya tafi gidan fasto ya faɗi kome. Faston bai yi masa tsawa ba. Ya buɗe masa Fitowa 20:16, inda aka hana shaidar zur a kan maƙwabci, ya kuma kai shi 1 Sarakuna sura 21, inda mutum biyu suka tashi a gaban jama'a suka ba da shaidar ƙarya a kan Nabot, aka jajjefe shi. Ya ce, "Ɗana, ba ka furta ko kalma ɗaya a kanta ba, amma ka ba da shaida. Mutane suna cewa gani ya kori ji. Wanda ya nuna wa ido ƙarya ya fi wanda ya faɗa wa kunne ita ɓarna."

Kashegari faston ya nemi wani dattijo na unguwar ya raka su gidan da tsohuwar take zaune wurin ɗan ƙanenta. Samarin suka durƙusa kamar yadda ake gaida manya a ƙasar Dagomba. Saurayin ya bayyana abin da suka yi a gaban mutanen gidan da maƙwabta, ya nuna musu hoton farko da ba a taɓa ba, inda take dariya da tirenta a gaba, ya nuna musu yadda aka haɗa. Ya ce, "Mma, laifin namu ne, ki gafarta mana." Ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce ta yafe, amma su sani mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna kudu, ba ta da mai tsaya mata in magana ta tashi. Suka share abin da yake hannunsu, suka bi waɗanda suka sani ɗaya ɗaya suna roƙo a share. Wanda ya riga ya yi nisa kuwa ba su iya komo da shi ba, gama magana zarar bunu ce, hoto ma haka.

Mai ɗaukar hoto ya yi fushi ya bar aikin, ya ce an zubar da mafi kyaun abin da ya taɓa ɗauka. Jarrabawa ta matso, su huɗu suka rage. Sai saurayin ya tuna da misalin da Alfred Hitchcock, gwanin irin wannan fim, ya saba bayarwa. In mutane suna hira a tebur, bam ya fashe ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci kaɗan. Amma in an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun da fari, mutanen kuwa ba su sani ba, zai zauna cikin fargaba har hirar ta ƙare, yana so ya yi musu ihu su tashi. Saurayin ya ja sababbin akwatuna. A sabuwar buɗewar ana ganin tsohuwa tana ƙara wa wani yaro gyara a kan gyaɗar da ya saya. Ana ganin wani ya ɗauke ta hoto daga nesa. Saƙo yana tashi daga waya zuwa waya, ƙofofi suna buɗewa, ƙafafu suna taruwa cikin ƙura, ita kuwa tana ƙirga canjinta, ba ta san kome ba. Wata uwa daga zumuntar mata ce ta fito a tsohuwar, bayan an karanta mata labarin duka, ita da maigidanta.

Ranar da aka nuna wa dattawa, fim ɗin ya yanke daidai inda inuwar taron ta faɗo a kan tiren. Ɗakin ya yi tsit. Sai wani dattijo ya ce da ƙarfi, "To, ba wanda zai gaya mata ta gudu?" Wani kuma ya sunkuyar da kai, gama a garinsu an taɓa yin haka yana saurayi, yana kuwa cikin masu kallo. Annabi Natan ma da labari ya zo wa Dawuda, sai da sarki ya husata da mutumin cikin labarin kafin ya gane kansa ne.

Duk mai shirya wasa ko fim a cikin ikilisiya, ko mai wa'azi da yake ba da misali, yana koya wa jama'a wanda za su ji tsoro. In ya ɗora tsoron a kan tsohuwa, ko baƙo, ko mai tabin hankali, ya ƙara wa marar ƙarfi kaya. Yakubu 1:27 ya sa kula da gwauraye da marayu cikin ainihin addini, wannan kuwa ya shafi inda mutum yake juya kyamararsa.

Dattawa sun ba da abin da suka iya, amma bai kai a ɗauki sauran fim ɗin a shekarar ba. Abin da ɗaliban nan huɗu suka yi har ƙarshen zango shi ne, kowace yamma sukan je gindin darbejiya su sayi gyaɗa, su zauna a kan benci kusa da tsohuwar, su ci a gaban kowa. A ƙasar da ake tsoron cin abin hannun wadda aka zarga, wannan ma shaida ce. Sannu a hankali yaran unguwa suka komo da kuɗinsu. Ubangiji ya ba masu bi hikima su san abin da suke nuna wa idon jama'a.