Malama a Gaban Allo

An fi sanin ƙungiyar malamai ta NUT, wadda aka kafa a 1931, da maganar albashi. A Kebbi kuwa nauyinta ya ƙaru, domin tsohon shugabanta na ƙasa, Nasir Idris Ƙauran Gwandu, shi ne gwamna tun 2023. Nakan tuna yarinyar da ke yawo da farantin talla a kasuwar Birnin Kebbi alhali sa'anninta na aji, da fargabar da ta shigi iyaye bayan sace ɗaliban Birnin Yauri a 2021. A ƙauyukan Argungu, uba ya fi sakin jiki ya tura 'yarsa makaranta idan malama ce a gaban allo. Don haka neman a ɗauki mata aikin koyarwa, a katange makarantu, shi ma aikin ƙungiya ne.