Gwajin Lasisin Tuƙin Jirgi a Zariya

Ta cika sa'o'i 40 da ƙa'ida ta tanada, 10 daga ciki ita kaɗai a sama. Hazon hunturu ya sa an ɗage gwajin sau biyu, guzurin da mahaifinta ya aiko daga Maraɗi kuwa ya kusa ƙarewa.

Suna cikin tafiya mai jarrabawar ya janye totur, ya ce, "'Yata, injinki ya mutu." A nan ɗalibi kan ruɗe, domin hannu kan so ɗaga hancin jirgi, alhali hakan ke cinye gudunsa. Ta sunkuyar da shi, ta karanci iska daga hayaƙin ƙunar daji, ta zaɓi wata gona da aka girbe, ta daidaita jirgin da tsawon kunyoyinta. Sai da karan dawa ya fito sarai ya mayar da totur, ya ce su koma fili.