Yamma Ɗaya A Cikin Birnin Yakubu

Mutumin da ke zaune kusa da abu shi ne yakan fi kowa jinkirin zuwa ganinsa. A ƙasar Sikotlan mutane sukan tashi daga wata uwa duniya, su biya kuɗin jirgi, don kawai su hau dutsen da ke tsakiyar birnin Edinbara su ga tsohuwar fadar da ke bisansa. Nan gida kuwa akwai magidanta a Miri waɗanda kusan kullum sai sun shiga Bauci, ko kasuwa ko asibiti ko wurin aiki, amma ba su taɓa tsayawa sun tambayi wanda ya ja ganuwar da suke ratsawa ba.

A cikinsu har da wani dattijo, tsohon malamin firamare. Tarihin ya san shi sarai, gama ya koyar da shi shekara da shekaru, sai dai a kan allo. Abin da ya tashe shi kuwa jikansa ne, yaro ɗan shekara 12, wanda ya tsinci takardar naira biyar a cikin wani tsohon littafi, ya zo yana tambaya ko mai hular nan da ke jikinta wani sarkin Ikko ne. Malam ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ran Asabar, da aka sallame Azahar, sai ya ce, "Abokina, sa takalminka." Yaro ya ce, "Ina za mu, Kaka?" Ya ce, "Gaisuwa."

Suka hau keke napep a bakin hanyar Jos, suka wuce Wuntin Dada, suka sauka a Ƙofar Wunti. Mai yamma ɗaya tak ba shi da damar kwaɗayi. Yankari ba tafiyar bayan Azahar ba ce, haka nan gidan Madaki na Kafin Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, yana son yini guda nasa. Abin da yamma ke iya ɗauka shi ne ƙofa ɗaya, da kabari ɗaya, da fada.

A bakin ƙofar Malam ya faɗa wa yaron cewa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓo tuta, shi ya kafa garin nan a shekarar 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kamar mil shida da rabi. An ce sunan garin daga wani maharbi ne da ake kira Baushe. Sa'an nan ya shiga lissafa masa ƙofofi da yatsu: Wunti, Ran, Jahun, Nasarawa, Wase, Dumi, Wambai, Inkil, Tirwun. Yaron ya waiga dama da hagu ya ce, "To, ina ganuwar?" Tambayar da wuyar amsawa, domin a yawancin wurare ruwan sama ya cinye ta, masu gini sun kwashe ƙasarta, gidaje da kantuna sun hau kan gurbinta. Sunayen ne suka fi ginin ƙarko, su ma albarkacin direbobi da ke kiran su kullum suna neman fasinja.

Daga nan suka nufi wajen Ƙofar Ran, inda kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Gara a fara da shi tun rana na da sauran ƙarfi, domin wanda ya tsara ginin da haske ya yi aiki. An buɗe shi a 1979, shekara 13 bayan rasuwar mai shi. Daga waje ba shi da wani ado, katanga ce doguwa ba taga. In an shiga sai a bi ta wani lungu mai duhu ana hawa a hankali, har yaron ya kama hannun rigar kakansa. Mai kula da wurin ya bayyana musu cewa duhun nan zamanin mulkin Turawa ne, ɗan hasken da ke kutsowa can gaba kuwa shi ne fatan samun 'yanci. Ba su ankara ba sai ga su a fili, ba rufi, sai sararin Allah, bango kewaye da launi iri iri don tuna yawan kabilun Nijeriya. A tsakiya ga kabarin, ba ƙubba, ba zinariya, kamar na kowane Musulmi.

Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a, yaro ya yi koyi da shi. Bayan sun shafa ya ce, "Ciro takardar nan taka." Ya ciro. "To, ga mai hular."

Yaron ya dubi takarda, ya dubi kabari, bai ce kome ba. Malam ya zaunar da shi ya ba shi labarin a taƙaice, yadda aka haifi Abubakar a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, ya komo ya koyar a Midil ta Bauci, inda Malam Aminu Kano ma ya yi koyarwa. A garin nan ne, a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, su da Malam Sa'adu Zungur suke zama suna muhawara a kan mulkin En'e, a lokacin da faɗin irin wannan magana yana iya raba mutum da aikinsa. Ya rubuta littafin Shaihu Umar. Ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi 'yancin kai ran 1 ga watan Oktoba, 1960. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya, aka kawo ta gida. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya fi tsaya wa yaron a rai, duk da haka, shi ne ɗakin da aka ajiye kayan marigayin, su agogo da rediyo da 'yar ƙaramar talabijin da hotuna. Ya zagaya sau biyu, kana ya ce, "Kaka, ina sauran?" Malam ya ce, "Ai ka ga abin da aka kawo ka ka gani ke nan." Shi kansa Malam, wanda ya sha gaya wa 'yan aji cewa mutumin nan ya mulki ƙasa bai tara dukiya ba, sai ran nan ya ga maganar da idonsa, ya daɗe tsaye gaban akwatin gilashin fiye da jikan.

Kiran La'asar ya same su a hanyar fada. Suka yi salla a Babban Masallaci, suka fito suka tsaya a filin ƙofar fada, inda dawaki ke sukuwa ran hawan Salla, dogarai na zaune a inuwa da jajayen rigunansu. Malam ya ƙara masa da cewa Yakubu ya rasu a 1845, aka mai da gidan sarauta Rauta a 1877, Turawa kuwa suka shigo a 1902. Yaro dai ya fara hamma, gama shekaru ba su shiga kan mai jin yunwa.

Saboda haka suka gangara wajen masu suyar masa, wadda mutanen Bauci ba su yarda akwai irinta a wani gari ba. Da aka zuba musu, yaron ya miƙa naira biyar ɗinsa wai zai biya. Mai masa ta kyalkyale da dariya ta ce, "Ɗan nan, wannan ko ƙuli ba ta saya yanzu." Ya karɓi abarsa, ya ninke ta biyu a hankali don kada ninkin ya bi ta kan fuskar, ya sa a aljihun gaba. Suka ci, suka sha ruwa, suka nemi keken da zai kai su Miri kafin Magariba.