Ranar da zafin Damagaram ya cinye mini shafi shida

Watan Afrilu ne, da azahar, ina tsakiyar babi na tara na littafina, sai kwamfutata ta ɗauke ɗif. Ban adana ba. Shafi shida suka tafi, kuma har yau ban iya maido su yadda suke ba.

Mai gyara a kasuwar Dole ya kwance ta, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya nuna mini wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba. Ya ce, "Malam, ga furosesa, ƙwaƙwalwar ke nan. Lafiyarta lau. Zafi ta ji, sai ta tsaya don kar ta ƙone."

Na koma gida da haushi, amma haushin ne ya sa na nemi sanin abin. Ashe wannan ƙwaƙwalwa ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa. Cikinta ƙananan makunnai ne da ake kira taranzista. Umarni ɗaya take ɗaukowa, ta gane shi, ta aikata, ta ɗauko na gaba, bisa bugun wani agogo. Duk kunnawa da kashewa kuwa sai ta fid da ɗan zafi.

A 1971, furosesar Intel 4004, wadda aka ƙera don na'urar lissafin wani kamfanin Japan, taranzista 2,300 gare ta, agogonta bai kai bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa ba. Aka yi ta ƙanƙanta su ana ƙara gudu, har aka wuce bugu biliyan 3. Wajen 2005 gudun ya cije. Me ya tare shi? Zafi dai, wanda ya tare ni. Sai injiniyoyi suka koma jera ƙwaƙwale biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya, su raba aiki kamar masu gayya a gona. M1 ta Apple, ta 2020, taranzista biliyan 16 ke cikinta.

Ban ɓoye ba, na ɗan ji sanyi da na gane ba ni kaɗai zafi ya kayar ba. Ƙurar dai tawa ce, shekara uku ban taɓa sa an share ta ba.

Yanzu bayan asuba nake rubutu, kwamfutar bisa bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Babi na tara kuwa na sake shi, ya fito shafi huɗu.