Kafin ka biya kuɗin hawan keken dare, karanta abin da ya same mu a hanyar Gwaram

Jama'a, kwana biyun nan ina ganin tallar hawan keken dare tana yawo a WhatsApp: ka biya kaza, a ba ka riga da satifiket. Wasu sai turo min suke yi, don sun san na taɓa shirya irinsa. Na so in yi shiru, amma abin ya ƙi barina. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, da yawanmu a Birnin Kudu muka jingine babura muka kakkaɓe tsofaffin kekuna. Ni Ralin babanmu na jawo daga zaure, na kai aka sa mata sabuwar sarƙa da birki. A azumin 2024 muka fara fita mu bakwai bayan asham, mu zaga gari, mu sha iska, mu ƙare a teburin mai shayi. Ba kuɗi, ba shugaba. Kafin sallah mun kai talatin.

Daga nan aka ce a yi babba: Birnin Kudu zuwa Gwaram, tafiyar da ta haura kilomita 40, a daren farin wata don a guje wa zafin rana. Kowa naira 3,000. Mutum 40 suka biya, aka naɗa ni ma'aji, 120,000 ta shigo hannuna. Ga yadda na kashe ta, ba ɓoye-ɓoye: riguna 80,000, kyallen talla da mai hoto 20,000, ruwan leda da tsire 20,000. Wani ya kawo maganar a ɗauki hayar mota ta riƙa bin mu a baya. Ni da bakina na ce asarar kuɗi ce, ai ga wata kamar rana.

Mun yi nisa sosai, ana raha, sai ga wata babbar mota ta taho da cikakkiyar fitila, ba ta rage ba. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare ya san abin da ke biyo baya: tana wucewa ido ya rufe na 'yan daƙiƙoƙi, farin wata bai amfana maka komai. A wannan duhun ƙanin abokina, yaro ɗan shekara 17, ya faɗa rami a gefen kwalta, biyu na bayansa suka hau kansa. Hannu ya karye, goshi ya fashe.

Mu arba'in, cikin riguna iri ɗaya, wallahi babu mai ko auduga. Da sabuwar rigar muka ɗaure masa kai. Muka fi rabin awa muna ɗaga wa motoci hannu, ba mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai taka birki don gungun samari sun tare hanya da dare a daji? Da ƙyar wani mai akori-kura ya ji tausayinmu ya kai mu asibiti.

Da safe mahaifinsa ya zo. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ban ce kai ka kayar da shi ba, ƙaddara ba ta wuce ranarta. Amma dubu ukun da ya karɓa a hannuna, me ka sayar masa da ita?"

Na ce, "Riga, Baba."

Ya gyaɗa kai kawai. Da ma ya mare ni, da ya fi min sauƙi.

Abin da na gane ke nan, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Lokacin da muke fita kyauta, kowa da kiwon kansa yake fitowa. Ranar da ka buga fom ka karɓi kuɗi, iyaye suna sakin 'ya'yansu ne da zaton akwai wani babba da ya zauna ya yi tunanin abin da zai iya faruwa. Wannan zaton shi ka sayar, amana ce ka karɓa ko ka sani ko ba ka sani ba.

Inda aka daɗe ana wannan harka sun san haka. Tseren keken Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 1978, rufe tituna ake yi, a jera ma'aikatan lafiya a hanya, kuma da rana ne. Mu kuma titinmu ko minista bai bari ba: a zamanin Obasanjo, Ojo Maduekwe yana ministan sufuri yana kiran mutane su hau keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja. To ina ga yaron talaka, da dare, kan titin da manyan motoci ke bi?

Ban ce a daina ba, kuma ban ce mai shiryawa kada ya ci riba ba, wahalarsa ce. Amma a fara da abin da ke tsare rai: mota a baya da akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya aiki da shi, farar fitila a gaban kowane keke da ja a baya, hular kwano, mai faci ɗaya, a bi hanyar da rana a ga ramukanta, a sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗura. Yaron da bai kai 18 ba, sai da yardar iyayensa. In kuɗi ya yi saura, a ɗinka riga.

Kai kuma mai biya, ka tambaya tun kafin ka tura: in na faɗi, wa zai ɗauke ni, kuma da me? In aka fara yi maka kwana-kwana, riƙe kuɗinka.

Yaron ya warke, alhamdulillahi, sai tabo a goshi. Har yanzu muna fita ranar Juma'a da dare, a cikin gari, kuma shi ne ke duba fitilar kowa kafin a tashi. Ni ma ya taɓa mayar da ni gida saboda batirina ya mutu.

Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu a kan hanya, amin.